Motar da ba za ta bar kariyer ba: wace lamba ce tata a duwan?

“Assalamu alaikum. Ni ɗan kwangila ne a Tawa, ina fasa dutse a kariyer ina kai tsakuwa wuraren aikin hanya. Na yi odar kaya daga ƙasar Sin, yanzu suna kan ruwa za su sauka Lome: manyan motocin juye kaya biyu masu ƙafa goma, waɗanda mai sayarwa ya rubuta a faktir cewa motocin ma’adinai ne, da kan mota ɗaya tare da shimfiɗaɗɗiyar tirelarta ta ɗaukar katafila, da mota mai ɗaga kaya. Tiranziter ɗina, mai cike mini takardun duwan, ya ce tunda motocin juye kayan ba za su bar kariyer ba, mu bayyana su a lamba 87.09 ko 8704.10 domin kuɗin ya sauka, wani kuma ya ce ƴan duwan ba za su yarda ba. Wa ke da gaskiya, kuma yaya ake gane lambar kowace mota?”

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da kake tambaya shi ne ko wurin da mota za ta yi aiki, da sunan da mai sayarwa ya ba ta a takarda, suna iya sauya lambarta a kundin tarif. Amsa ita ce ba sa iyawa. Duwan tana duban yadda aka ƙera mota da halin da take ciki ranar da aka gabatar da ita, niyyar mai ita kuwa ba ta shiga lissafi. Bisa abin da ka bayyana, mutum na biyu ya fi kusa da gaskiya, ko da yake ban ga takardun motocin ba, kuma akwai wani nau’in motar juye kaya da hukuncinta ke iya bambanta, wanda zan zo kansa. Aikina ke nan a Yamai, cike takardun fitar da kaya daga duwan, kuma kusan duk rigimar da na gani kan manyan motoci daga wannan ruɗani take tasowa.

Inda lambobin suka fito

Lambobin da tiranziter ɗinka ya ambata ba na Nijar kaɗai ba ne. Sun fito daga tsarin bai ɗaya na rarraba kayayyaki, wanda ƴan duwan ke kira SH, kuma Hukumar Duwan ta Duniya mai mazauni a Burussel ce ke kula da shi. Ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1988, ana sabunta shi kusan duk shekara biyar, kuma bugun 2022 ya taɓa babin motoci sosai saboda shigowar masu aiki da lantarki. Alƙaluma shida na farko iri ɗaya ne a Sin da Togo da Nijar, sai yankinmu ya ƙara huɗu suka zama goma, kuma a kan waɗannan goman ne ake rataya kason haraji. Tarif ɗin bai ɗaya da aka fara aiki da shi a 2015 yana da matakai biyar: sifili, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35 cikin ɗari. Ficewar Nijar daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025 ba ta rushe waɗannan lambobi ba, domin tushensu na duniya ne, kuma ƙasar tana nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankin masu amfani da kuɗin sefa.

Tsarin yana da dokokin fassara guda shida, amma ta farko ce uwa. Ta ce ana yanke hukunci ne da kalmomin da aka rubuta a kan kowace lamba da kuma bayanan da ke farkon sashe da babi. Sai idan waɗannan ba su warware magana ba ake gangarawa ga sauran dokokin. Bayan haka akwai littafin sharhi na hukumar, wanda ke zayyana siffofin kowane nau’in kaya, kuma shi ne jami’in bincike zai buɗe idan gardama ta tashi. Duk tiranziter da zai ba ka lamba ya kamata ya iya nuna maka layin da ya dogara da shi a cikin waɗannan rubuce-rubuce. Wanda hujjarsa ita ce “haka muka saba yi” yana wasa ne da dukiyarka.

Dalilin da 87.09 ba ta dace ba

Lamba 87.09 tana jan hankalin mutane domin ta ambaci masana’antu, ɗakunan ajiya, tashoshin jirgin ruwa da filayen jirgin sama. Sai mai kariyer ko mai kamfanin siminti ya ce ai nasa wurin ma masana’anta ce. Amma rubutun lambar yana magana ne kan ƙananan motocin aiki masu tuƙa kansu, marasa na’urar ɗaga kaya, irin waɗanda ake amfani da su a waɗannan wurare domin kai kaya ɗan gajeren zango. Sharhin hukumar ya ba da alamomin gane su: ƙirarsu ba ta dace da ɗaukar kaya ko mutane a kan titi ba, gudunsu da lodi ba ya wuce kilomita 30 zuwa 35 a awa a mafi yawan lokuta, suna iya juyawa a fili mai kusan tsawon jikinsu, kuma galibi ba su da rufaffen ɗakin direba. Irin motocin da ke jan amalanken jakunkuna zuwa gindin jirgi a filin Diori Hamani su ne misalin da kowa ya taɓa gani.

Motarka mai ƙafa goma tana da cikakken ɗakin direba, da fitilu da madubai na titi, da giya mai kai ta gudun hanya, kuma gobe idan ka ga dama za ka iya lodinta ka kama hanyar Ƙonni. Raƙumin da aka tsare a garka yana jan guga bai daina zama raƙumin ayari ba. Alƙawarin da za ka yi cewa ba za ta fita ba, ko da da gaske kake, ba ya cikin abubuwan da lambar ta lissafa.

Akwai inda gardamar 87.09 take da tushe na gaske, wato dogayen shimfiɗu masu tayoyi da yawa da ke tuƙa kansu a hankali, waɗanda ake ɗora wa manyan tiransifoma ko tukwanen matatar mai. Su ba ƙanana ba ne, amma ba sa gudu, wasunsu ma da na’urar hannu ake sarrafa su daga ƙasa, kuma da yawa suna ɗaga shimfiɗarsu su sauke da ƙarfin mai. A kansu ake tambaya ko wannan ɗagawa aikin ɗaga kaya ne, ko kuwa daidaita tsayi ne kawai domin shiga ƙarƙashin lodi. Wannan magana ce ta injiniya da takardun masana’anta, kuma ba irin kayanka ba ne.

Motar juye kaya: ta titi ko ta rami

A nan ne tambayarka take da nauyi. Ban da ƙananan motocin aiki na 87.09, duk motocin ɗaukar kaya suna ƙarƙashin 87.04, har da sitan na mai da na ruwa da masu juye kaya. A cikinta aka ware 8704.10 ga motocin juye kaya da aka ƙera domin aiki a wajen hanyoyin jama’a. Sauran masu injin gazuwal kuma ana raba su da nauyi: 8704.21 ga waɗanda ba su wuce tan 5 ba, 8704.22 daga sama da tan 5 zuwa 20, sai 8704.23 ga waɗanda suka haura tan 20. Nauyin da ake nufi shi ne iyakar da masana’anta ta ƙayyade, wato motar da cikakken lodinta da direba da tanki cike, abin da ake rubutawa PTAC a katin mota, ba nauyinta wayam ba.

Kalmar da hukunci ya rataya a kanta a 8704.10 ita ce “ƙera”. Sharhin ya kwatanta motar rami ta gaskiya dalla-dalla. Bodinta na ƙarfe ne mai kauri ƙwarai, gabansa ya miƙo ya rufe saman ɗakin direba domin kare shi daga faɗowar dutse, ƙasansa kuma yana hawa sama ta baya. Wani lokaci ɗakin direban rabin faɗin motar ne. Ba ta da sifirin irin na motar titi, birkinta yana da ƙarfi sosai, gudunta taƙaitacce ne, tayoyinta irin na injinan aikin ƙasa ne, kuma saboda ƙarfin ginin jikinta, lodin da take ɗauka ba ya wuce nauyinta sau ɗaya da kashi shida cikin goma. Duk wanda ya taɓa ganin manyan motocin da ke hawa da gangara a ramukan yuraniyom na Arlit ya san kamanninsu. Ba a bukatar a sami dukkan alamomin nan kafin a yarda, amma dole ne hoton gaba ɗaya ya nuna cewa wanda ya zana motar bai yi tunanin kwalta ba.

Yawancin motocin da ake kawo mana daga Sin da sunan motocin ma’adinai ba haka suke ba. Sasin motar titi ne aka ƙarfafa, aka ɗora masa bodi mai kauri, aka sa tayoyi masu manyan haƙora. Faɗinsu yana cikin mita 2.55 da ƙa’ida mai lamba 14 ta UEMOA ta 2005 ta yarda da shi a kan hanya, kuma ana yi musu rajista a ba su lamba kamar kowace kamyo. Irin wannan mota gidanta 8704.23 ne, komai abin da aka buga a faktir. Kalmar “ma’adinai” a bakin ɗan kasuwa talla ce, yana nufin motar tana jure wahala.

Sai dai akwai nau’i na tsakiya, kuma shi ne ya hana ni yanke maka hukunci kai tsaye. Masana’antun Sin suna ƙera wasu motoci masu faɗin jiki, su ma gatari uku ne da su kamar taka, amma faɗinsu ya haura mita uku, ɗakin direban na mutum ɗaya ne a gefe guda, bodin yana da rumfa a kan ɗakin, gudunsu kuma an taƙaita shi. Waɗannan ba sa iya bin hanya kamar sauran motoci, a kan tirela ake kawo su. A ra’ayina hujjar sanya su a 8704.10 tana da ƙarfi, ko da suna da sifirin ganye, domin sauran alamomin sun rinjaya. Saboda haka tambaya ta farko da zan yi maka da kana gabana ita ce: daga Lome motocin da ƙafarsu za su zo, ko ɗauko su za a yi? Idan direba zai tuƙo su ta Kaya da Dori da Tera cikin ayarin motoci har Yamai, to kai da kanka ka riga ka nuna wa duwan cewa na titi ne, kuma zai yi wuya ka tsaya gaban jami’i ka ce ba a ƙera su domin hanya ba.

Kan mota, tirela da mai ɗaga kaya

Kan mota da tirelarsa, ko da a haɗe suka zo kuma a faktir ɗaya, abubuwa biyu ne a idon tarif. Kan yana 87.01, domin bayanin babi na 87 ya ce tarakta ita ce motar da aka ƙera musamman domin ja ko tura wata mota ko kaya, kuma a bugun 2022 kan tirela mai injin gazuwal zalla yana 8701.21. Tirelar kuma tana 87.16, shimfiɗaɗɗiya irin taka ta ɗaukar katafila tana 8716.39, ta sitan kuma 8716.31. Abin da wannan ke jawowa a aikace shi ne dole kowanne ya zo da farashinsa. Idan mai sayarwa ya rubuta kuɗi dunƙule, jami’i ne zai raba maka, kuma ba lalle rabon ya yi maka daɗi ba. Tun kayan suna kan ruwa ka nemi faktir mai layi biyu, kowane layi da lambar sasinsa.

Mota mai ɗaga kaya kuwa tana iya faɗawa gida uku, kuma bayaninka bai nuna wanne ba ne. Idan kamyo ce mai bodi, aka ɗaura mata ɗan hannun ɗagawa a bayan ɗakin direba domin ta loda wa kanta ta sauke, ainihin aikinta ɗaukar kaya ne, tana nan a 87.04. Idan ba ta da wurin lodi, ƙugiya ce babba da aka kafa a kan cikakken sasin mota mai injinsa da giyarsa da sitiyarinsa da birkinsa, direba yana tuƙi a ɗaki ɗaya, mai ɗagawa yana aiki a wani, to 8705.10 ce, cikin motocin ayyuka na musamman, tare da motar kwaɓa kankare da ta kashe gobara da ta haƙa rijiya. Idan kuma ɗaki ɗaya ne a jikin ƙugiyar, daga cikinsa ake tuƙi kuma daga cikinsa ake ɗagawa, sasin da na’urar an ƙera su ne a matsayin abu guda, to ta fita daga babin motoci gaba ɗaya, ta koma babin injuna a 84.26. Hoto ɗaya na gefen motar yakan isa a gane wannan.

Wani abu da ƴan kasuwa ke mantawa shi ne kayan gyaran da ake cusawa cikin bodi. Tayar safaya ɗaya da jak da akwatin sifana suna bin motar. Amma tayoyi ashirin da batura da filtoci masu yawa kaya ne daban, kowanne da lambarsa: sababbin tayoyi a 40.11, batura a 85.07, filtoci a 84.21, sauran sassan mota a 87.08. Rashin bayyana su laifi ne mai zaman kansa, kuma na ga motocin da lambarsu daidai take amma suka kwana a harabar duwan saboda abin da aka tarar a bayansu. Haka kuma idan babbar mota ta zo a kwance, bodi daban, tayoyi daban, doka ta biyu ta fassara ta ce ana ɗaukarta a matsayin cikakkiyar mota matuƙar an gabatar da sassan tare. Idan za su iso a tireloli daban-daban a ranaku daban-daban, a sanar da ofishin tun kafin na farko ya iso.

Abin da kuskure ke ci, da abin yi yanzu

Ana lissafin haraji a kan darajar kaya haɗe da kuɗin jigila da inshora. A kan wannan daraja ake ɗora kason duwan na lambar, da kashi 1 na ƙididdiga, da ƙananan kuɗaɗen ƙungiyoyin yanki, sannan TVA ta kashi 19 ta hau kan jimillar duka. Shi ya sa bambancin mataki ɗaya ba ƙarami ba ne. A ce darajar motoci miliyan 100 ce ta sefa, tazarar kashi 5 da kashi 10 miliyan 5 ce, TVA kuma ta ƙara jaka 950 a kai. Na fahimci abin da ya sa tiranziter ɗinka yake neman sauƙi. Amma ka sa ya buɗe maka tarif ɗin da ke cikin SYDONIA, tsarin kwamfutar duwan, a yau, ya nuna maka kason kowane layi mai alƙaluma goma da idonka, domin wani lokaci mutum yakan ɗauki kasada a kan lambar da ribarta ba ta kai yadda aka gaya masa ba.

Kasadar kuwa babba ce. Bayyana kaya a lambar da ba tasu ba laifi ne a dokar duwan, ana biyan cikon haraji a kuma biya tara. Wucewar kaya daga ofis ba ta rufe magana, domin akwai binciken bayan fitarwa, wanda ke iya dawowa kan takardar da aka manta da ita. A lokacin kai mai kaya ne za a nema tare da wanda ya sa hannu. Ga ɗan kwangila kuma akwai asarar da ta fi tara zafi, wato motoci a tsare, kuɗin ajiya yana hawa, wa’adin aikin hanya yana tafiya.

Shawarata ita ce ka yi amfani da kwanakin da jirgi yake kan ruwa. Ka nemi masana’anta ta turo maka takardar bayanin fasaha ta kowace mota, mai nuna tsawo da faɗi, nauyi wayam da iyakar nauyi, iyakar gudu, girman taya da irin sifirin, tare da hotunan gaba da gefe da na farantin da ke manne a sasi. Ka duba kuma lambar da aka yi amfani da ita wajen fitar da kayan daga Sin. Ba ta ɗaure duwan ɗin Nijar, amma idan can an rubuta 8704.23 kai kuma ka zo da 8704.10, ka shirya amsa. Idan takardun sun nuna mota mai faɗin jiki ce, ka sa tiranziter ya rubuta wa babbar hukumar duwan a Yamai, ya haɗa hujjojin, ya nemi matsayinta a rubuce kafin a shigar da bayanin kaya. Yarjejeniyar sauƙaƙa kasuwanci ta Hukumar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2017, ta tanadi irin wannan hukunci na tun farko, kuma takarda mai hatimi ta fi kowace yarjejeniyar baki da za a yi a bakin taga. Idan gardama ta riga ta tashi kaya suna ƙasa, ka nemi a karɓi ajiyar kuɗin bambancin a matsayin jingina a sake maka motocin, a ci gaba da bin maganar a takarda.

Idan sauƙin kuɗi kake nema, ƙofofinsa na halal suna wani wuri. Dokar zuba jari da dokar ma’adinai suna ba da rangwame a kan kayan aiki ga kamfanin da ya cika sharuɗɗa ya sami amincewa, wasu kwangilolin gwamnati da ake yi da kuɗin waje suna zuwa da nasu tsarin haraji, sannan injin da zai yi aiki na wani lokaci ya koma yana iya shigowa a tsarin shigowar wucin gadi. Dukkansu ana neman su ne kafin kaya su iso, kuma dukkansu suna bukatar lambar gaskiya, domin jerin kayan da aka amince da su da lambobi ake rubuta shi, idan lambar da ke jerin ta saɓa da motar da ke tsaye a fili rangwamen yakan tsaya.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa ke nan: kan motar 87.01, tirelar 87.16, motocin juye kayan 8704.23 sai fa idan takardunsu sun nuna masu faɗin jiki ne, mai ɗaga kayan kuma sai an ga yawan ɗakunanta da ko tana da bodi. Hukuncin ƙarshe na duwan ne bayan ta duba motocin. Idan takardun fasahar sun zo hannunka, ka fara duba layin faɗi da layin iyakar gudu, sannan ka kira tiranziter ɗinka ku zauna a kansu kafin jirgin ya sauka Lome.